Kagarar Elmina da Sawun Bahaushe

Mutanen Tudun Wada ba baƙin Ghana ba ne. Wani fatauci ke kai shi, wani karatu, wani kuwa zumunci, don gidaje da dama a nan Zariya na da ɗan'uwa ko suruki a Nima ko Sabon Zango na Akkara, ko a zangon Kumasi. Amma kaɗan ne ke ƙara wa kansu tafiyar awa uku zuwa yamma, su bi gaɓar teku, su wuce Cape Coast da kimanin kilomita 12, su isa Elmina. Can farar kagarar nan take, zaune daram kan dutse tsakanin teku da ruwan Benya, ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye har yau a Afirka kudu da Sahara. Wanda ya je daga cikinmu yakan shiga ne da zuciyar ɗan kallo. Ya ɗauka labarin na Turawa ne da Fanti, da jikokin bayin da ke zuwa daga Amurka su zubar da hawaye su koma. Alhali Bahaushe na da sawu a gidan nan, sai dai sawun ba a inda ya fi zato yake ba.

A watan Janairu na 1482 jiragen ruwan Fotugal suka tsaya a wannan gaɓa, ƙarƙashin wani sarkin yaƙi mai suna Diogo de Azambuja, bisa umarnin Sarki João na Biyu. Mutum kusan 600 ya zo da su, 500 sojoji, 100 magina da kafintoci, har da sassaƙaƙƙen dutse da katako da suka ɗauko tun daga gida. Sarkin garin, wanda baƙin suka rubuta sunansa Caramansa, mutanen wurin kuma ke kira Kwamena Ansa, bai yi na'am da zancen gini ba. Shi ya fi son baƙo ya zo ya yi cinikinsa ya koma. Aka lallashe shi da kyauta, aka haɗa da barazana, magina suka fasa wani dutse da mutanen garin ke girmamawa, aka yi 'yar hatsaniya, gini dai ya tashi. Suka raɗa masa São Jorge da Mina. A wannan shekarar Muhammadu Rumfa ne ke bisa gadon sarautar Kano, shi da ya kafa gidan da har yau ake kira Gidan Rumfa. Kagarar Elmina da fadar Kano tsaran juna ne, ɗaya da dutse, ɗaya da tubali.

Zinariya ce ta kawo mutanen Fotugal, ba bayi ba. Tun kafin su zo, zinariyar ƙasar Akan na haurawa arewa a hannun Wangarawa, dangin waɗannan malamai fatake da Tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji. Su ke kai ta Jenne da Tumbutu, daga nan raƙuma su tsallakar da ita Sahara zuwa hannun Larabawa. Abin da Sarkin Fotugal ke so shi ne ya tare ta tun daga tushe, ya juyar da ita teku. Ya kawo tufafin Maroko, da kwanonin tagulla da mundaye, fataken Akan suka kawo garin zinariya. Akwai kuma wata haja da suke nema, wato mutanen da za su ɗauki kaya su ratsa kurmi da shi, tunda jaki da doki ba sa rayuwa a can saboda ƙudan tsando. Sai jiragen Fotugal suka riƙa zuwa ƙasar Binin da bakin kogunan da ke kudancin Nijeriyar yau, su sayo bayi su kawo Elmina, su musanya su da zinariya. Bayin farko da suka shiga kagarar nan ke nan, daga wajenmu aka kawo su, kuma cikin ƙasa aka sayar da su, ba ƙetaren teku ba.

A daidai wannan ƙarni ne hanyar Gwanja ta buɗe wa ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya danganta shigowar goro da zamanin Amina ta Zazzau, ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Masana na jayayya kan lokacin Amina, wasu su sa ta ƙarni na 15, wasu na 16, amma ba mai jayayya cewa goron da ya kama bakin Bahaushe daga kurmin Akan yake fitowa. Kurmin da ke ciyar da Elmina zinariya ta kudu, shi ke ciyar da mu goro ta arewa.

Shekara 155 mutanen Fotugal suka yi a gidan. Turawan Holan sun gwada ƙwace shi a 1625 aka karkashe su. A watan Agusta na 1637 suka dawo da runduna daga Barazil, suka hau tudun da ke fuskantar kagarar ta ƙetaren ruwan Benya, suka ja igogi zuwa samansa, suka yi ta ruwan wuta har na ciki suka sallama. Da yake sun san ta inda suka ci wasu, sai suka gina wata 'yar kagara a kan tudun, Coenraadsburg, don kada a ci su ta nan. Tana nan har yau, kuma wanda ke da ƙarfin gwiwar hawa, daga can ne ake ganin garin duka.

Zamanin Holan ne kasuwa ta juya. Gonakin rake na Barazil da tsibiran Karebiyan suna cin mutane fiye da yadda ake haihuwarsu, sai ɗan Adam ya fi zinariya riba. Ɗakunan ƙasa da aka gina don ajiyar kaya suka koma kurkuku. Wannan ɓangare shi ne mai jagora zai nuna maka, kuma bai bar komai ba. Zai tsayar da kai a babbar tsakar gida, gaban cocin da mutanen Fotugal suka gina, wanda Holan suka mayar ɗakin ciniki, su kuma suka yi nasu wurin ibadar a bene, kusa da kurkukun mata. Zai nuna maka ɗakuna biyu ƙofa da ƙofa: ɗaya na sojan Bature da ya yi laifi, da kafar shan iska, ɗaya kuwa da siffar ƙoƙon kai da ƙasusuwa bisa ƙofarsa, na bawan da ya yi tawaye, wanda ake rufewa ba ci ba sha har rai ya yi halinsa. Zai kai ka farfajiyar mata, ya nuna maka barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, da dunƙulen harsashin igwa da ake ɗaure wadda ta ƙi a jikinsa, a bar ta a rana. Akwai wani wari a ɗakunan nan da farar ƙasa da iskar teku ba su iya kashewa ba. Daga ƙarshe sai a sunkuya a bi wani lungu mai duhu zuwa 'yar tsaga a bango, wadda ƙato ba ya wucewa sai ya karkace. Ita ce ake kira ƙofar da ba a dawowa. Ta cikinta yanzu sai ka hango kwale-kwalen masunta da yara suna gyaran koma.

Masu ƙididdigar wannan fatauci sun ce kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka cikin ƙarni uku da rabi, fiye da miliyan ɗaya daga wannan gaɓa ta Ghana kaɗai. Anomabo da Cape Coast, waɗanda ke hannun Ingilishi, sun ma fi Elmina fitar da mutane. Elmina ta fi su suna ne don tsufa da girman gini.

A bakin wannan ƙofa Bahaushe kan tsaya ya tambayi kansa ko kakanninsa sun bi ta nan. Amsar gaskiya ita ce, in ma sun bi, kaɗan ne. Hausawan da aka tsallakar da su teku ta wata hanya suka fita, kuma a wani zamani na baya. Yaƙe-yaƙen jihadin da ya fara a 1804 sun samar da kamammu ta kowane ɓangare. A nan Zazzau, ƙarshen 1808 ne Malam Musa ya shiga birni, Sarki Makau ya yi kudu. Wanda aka kama a irin waɗannan yaƙe-yaƙe, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, yakan sauya hannu daga kasuwa zuwa kasuwa, ta Nufe da ƙasar Yarabawa, har ya iske kansa a Ikko ko Badagiri ko Fotonobo ko Wida. Daga can mafi yawa Bahiya ta Barazil aka kai su. Ba su kuwa zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a birnin Salvador, a 1814 suka tashi da makami a wajen garin, sannan a watan Janairu na 1835, cikin azumi, aka yi babban tawayen Musulmi wanda Yarabawa suka fi yawa a ciki, da Hausawa tare da su. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan haka aka koro wasu, wasu suka taho don kansu, wani ayari ya sauka Akkara a 1836. Zuriyarsu ce ake kira Tabom.

Amma in bai bi ta ƙofar ba, Bahaushe na tsaye a ɗaya bakin hanyar da ke kaiwa gare ta. A 1701 Osei Tutu na Asante, waɗanda fatakenmu ke kira Tonawa, ya karya masarautar Denkyira. Magajinsa Opoku Ware ya haura arewa ya ci Gwanja da Dagomba kafin tsakiyar ƙarnin, aka ɗora musu gandun bayi duk shekara. Tonawa suka zama ƙawayen Holan na ƙut da ƙut, Elmina ta zama tagarsu ta teku, har gwamnan kagarar na biyan Sarkin Asante wani kuɗi a kai a kai. Ta arewa kuma suka tsayar da fataken Hausa a Salaga, nan ne iyakarsu, kada su gangaro su ga inda itacen goro yake. Duk rani ayari kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, madugu a gaba, jakuna ɗaruruwa, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi Sansanin Mango da Yandi, wata da watanni kafin su ga Salaga. Suna kai kanwa, da baƙin tufa na rini, da fatu, da gabu. Suna kuma kai mutane. Wannan ba ƙagen Turawa ba ne, kuma bai kamata mutumin Zazzau ya yi mamakinsa ba. Masarautarmu a ƙarni na 19 da bayi take biyan wani kashi na gandunta zuwa Sakkwato, ita ma tana karɓa daga Keffi da Nasarawa da Jama'a, ƙasar kuwa cike take da rinji. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarinta a Giwa da Zariya a 1949 da 1950, ta faɗi yadda rinjin gidansu yake ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba, don a wajenta abin ba asiri ba ne. Mu ne na baya muka mayar da shi abin da ba a faɗa.

Ingila ta hana 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, Holan ta bi a 1814. Kagarar ta zauna da ɗakuna wofi da ma'aikatan da zazzaɓi ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Sai Holan ta samo mata wani aiki. Tana mulkin tsibiran Indunusiya, yaƙin Jawa na 1825 zuwa 1830 ya cinye mata dubban sojoji, Turawan da take aikawa kuma ciwo ke kashe su tun kafin harsashi. Aka ce baƙar fata zai fi jure zafin can. Daga 1831 aka fara ɗaukar soja a Elmina, amma 'ya'yan gari ba su amsa ba sai ƙalilan. A 1837 aka aiki Janar Jan Verveer Kumasi, ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Kwaku Dua na Ɗaya: ya ba da mutum 1,000, a ba shi bindigogi. Basarake ba zai ba da Batone ɗa ba. Wanda ya samu shi ne bawan arewa, Mosi da Gurunsi da Dagomba da makamantansu, irin waɗanda ke fitowa ta kasuwannin da fatakenmu ke ci. Dubarar ita ce a fanshi mutum daga ubangijinsa, a rubuta masa takardar 'yanci, a sa masa kaki, sannan a riƙa cire kuɗin fansar daga albashinsa. Ingilishi suka ce wannan cinikin bayi ne ya sake riga, kuma a nan sun yi gaskiya, ko da yake za mu ga su ma ba da jimawa ba sun ɗinka irin rigar. Aka dakatar a 1842, aka sake buɗewa daga baya. Zuwa 1872 mutum fiye da 3,000 suka bi ta Elmina zuwa Jawa.

Labarin waɗannan mutane ya isa littafi. An yi musu alkawarin za a riƙe su daidai da sojan Bature, da takalmi da abinci da wurin kwana iri ɗaya. Da aka fara zaftare alkawarin, har aka ɗauke musu katifa aka ba su tabarma, suka yi bore a 1840 da 1841. An kai su yaƙi Sumatara da Borneo, daga baya har Aceh, inda Musulmi suka daɗe suna gwabzawa da Holan. Wasu suka auri matan Jawa suka zauna, aka riƙa kiran zuriyarsu Belanda Hitam. Waɗanda suka dawo kuwa ba su da garin komawa, don wanda aka kama yana yaro ina ya san hanya? Sai gwamna ya yanka musu filaye kan wani tudu a Elmina, wanda har yau ake kira tudun Jawa. Akan ce su suka kawo wa Afirka ta Yamma sha'awar zanen batik, wanda masaƙun Holan suka kwaikwaya ya zama atamfar da matanmu ke ja-in-ja a kan farashinta a kasuwar Tudun Wada. Masana da dama ba su yarda sojoji ne sila ba, sun fi ba 'yan kasuwa wannan lada, amma dai zanen daga Jawa asalinsa yake.

Ranar 6 ga Afrilu 1872 Holan ta sauke tutarta, ta miƙa wa Ingila kagarar bayan shekara 235, ba tare da an tambayi mutanen Elmina ko Sarkin Asante ba. Daga nan ne sawun Bahaushe ya fito fili, kuma ta babbar ƙofa ya shigo, da bindiga a kafaɗa.

Asalin abin daga Ikko ne. Wani hafsan sojan ruwa, John Hawley Glover, jirginsu ya fashe a Kwara kusa da Jebba a 1857, abin da ya sa ya san ƙasar da mutanenta. Da ya zama mai riƙon Ikko, a 1863 ya tara wasu 'yan arewa, galibinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, ya ba su horo da bindiga. Sojan Nijeriya na yau daga wannan 'yar ƙungiya yake ƙirga haihuwarsa, kuma ya ce mutum 18 ne suka fara. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Lissafin Bature a fili yake: mutumin da ba shi da dangi a bakin teku, wanda 'yancinsa ya rataya ga kakin da ke jikinsa, ba zai yi nauyin hannu ba in an ce ya harbi ɗan gari. Shi kuma bawan da ya gudo, me zai zaɓa tsakanin bariki da komawa gonar wanda ya saye shi? Ban ga abin zarginsa ba a ranar da ya shiga. Abin da aka yi da shi bayan nan shi ne maganar.

Daga Ikko aka kwaso su zuwa Elmina. Sarkin garin, Kobina Gyan, ya ƙi yin mubaya'a ga Ingila, a watan Maris na 1873 aka kama shi aka kai Saliyo, bai sake ganin gida ba sai 1894. Rundunar Sarkin Asante Kofi Karikari kuwa ta riga ta ƙetaro kogin Pra tun farkon shekarar, tana neman tagarta ta teku. Ranar 13 ga Yuni 1873 Ingilishi suka ba unguwar sarki wa'adi ta miƙa makamanta. Da wa'adin ya cika, igogin kagarar da na jiragen ruwa suka buɗe wuta, tsohon garin da ya girmi kagarar kanta ya ƙone ƙurmus. Da yamma Tonawa suka kawo hari, Kanar Festing ya tare su da sojan ruwa da Hausawa. Ba a sake gina unguwar ba. Filin nan da baƙo ke ratsawa kafin ya kai gadar shiga, inda samari ke tallar wuri da sarƙoƙi, kufan garin ne, kuma mutanenmu na cikin waɗanda suka tsaya a kansa ranar da ya zama kufai. Ba kasafai ake tsayar da mai ziyara a nan ba, kowa sauri yake ya kai kurkuku.

Janar Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu 1874, ya cinna mata wuta, Glover kuma ya biyo ta gabas, ta kogin Volta, da nasa Hausawan. Karyewar Asante ta taɓa aljihun fatake har Kano. Salaga ta yi tawaye ta fita daga hannun Tonawa, su kuma suka toshe mata goro, kasuwa ta watse zuwa Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. A shekarar ne malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya isa Salaga, daga baya ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Hausawan da a da aka tsayar a Salaga suka gangaro har teku, zanguna suka tsiro a Kumasi da Akkara da Cape Coast da Sekondi. Goro ya bar bayan jaki ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, da dogo ya iso Zariya da Kano a 1911 kuma ya hau jirgin ƙasa. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara gane wannan sabuwar hanya.

A 1879 aka yi wa mulkin Gold Coast rundunarsa ta Hausawa ta kansa, wadda ta zama tushen sojan Ghana. Ba duk wanda ke cikinta ne Bahaushe ba. Akwai Barebari da Zabarmawa da Fulani da Mosi da Gurunsi, amma Hausa ce harshen fareti da na bariki, Bature kuma duk ɗan arewan da ya sa masa jar dara Bahaushe ne a wajensa. Da su aka sake zuwa Kumasi a Janairun 1896. Sarki Prempeh na Ɗaya bai yi yaƙi ba, ya sauko ya yi biyayya a gaban gwamna don ya tsirar da garinsa, duk da haka aka kama shi, da mahaifiyarsa da mahaifinsa da manyan fadawansa. Elmina aka kawo shi. Ɗakin da aka tsare shi na nan a saman hasumiya mai kallon teku, da sunansa ake kiransa. Kusan shekara ya yi a ciki, aka wuce da shi Saliyo a 1897, sannan tsibiran Seshel a 1900, bai dawo ba sai 1924. A 1900 ɗin, da Yaa Asantewaa ta tayar da yaƙi kan kujerar zinariyar Asante ta yi wa gwamna ƙawanya a Kumasi, sojojin da Gwamna Lugard na Arewacin Nijeriya ya bayar aro na cikin waɗanda Kanar Willcocks ya je ceto da su.

Duk wanda ya san tarihin Zazzau, in ya tsaya a ɗakin Prempeh, Kwasau zai faɗo masa a rai. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897 a kan wancan tushe na Glover aka ɗora ta. Ita ce ta shigo Zariya a 1902, bayan Sarki Muhammadu Kwasau ya nemi agaji kan Ibrahim Nagwamatse na Kontagora da ke cin ƙauyukansa. Waɗanda suka zo agaji suka zauna. Ba a daɗe ba aka tuɓe Kwasau aka kai shi Wushishi. Aliyu Ɗan Sidi da aka naɗa a 1903 shi ma daga baya aka tuɓe shi, ya ƙare a Lakwaja. Daga Zariya ne Kanar Morland ya tashi ranar 29 ga Janairu 1903, da baƙaƙen sojoji sama da 700 da Turawan da ba su kai 40 ba, ya bi ta Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Mukan ce Turawa sun ci ƙasar Hausa. Turawa ne suka ba da umarni, amma yatsun da suka ja kunamar bindiga na mutanen da ke jin Hausa ne, da yawansu kuma 'ya'yan ƙauyukan da aka ci ne aka sayar. Ƙasar da ta fitar da su a igiya ita suka dawo wa cikin kaki. Ba ina cewa ramuwa suka zo yi ba, albashi suke bi da umarni. Ina cewa ne dai da ba a sayar da su ba, da Glover da Lugard ba su sami wanda za su ɗauka da arha haka ba.

Unguwarmu ma ɗiyar wannan zamani ce. Turawa ne suka ware Tudun Wada a wajen ganuwa, bayan Ƙofar Doka, don baƙi 'yan Arewa da aiki da ciniki da dogo suka kawo, kamar yadda suka ware Sabon Gari a ƙetaren Kubanni. Tun 1924 Zariya ce wurin horar da sababbin sojoji, barikin Chindit kuma da yaƙin Bama aka sa masa suna, yaƙin da aka kwashi samarin Nijeriya da na Gold Coast aka kai su kusa da inda Holan ta kai sojojin Elmina shekara ɗari kafin nan. Ita kuwa kagarar, bayan ta yi zamanin bariki ta zama makarantar horar da 'yan sanda, Ghana ta karɓe ta da 'yancin kai a 1957, hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1979. Holan ta nemi gafara kan cinikin bayi ta bakin firaministanta a Disamba 2022, sarkinta ya maimaita ranar 1 ga Yuli 2023. A nan gida kuwa, dokar Lugard ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901, amma bauta ba ta haramta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Akwai dattawa da rai yau da aka haifa kafin wannan shekara.

Mutanen Ghana sun yi wa kagararsu fenti, sun horar da masu jagora, suna kai 'yan makaranta su gani da idonsu. Mu tamu ganuwar ruwan sama da masu ɗibar ƙasa na cinye ta, kufan rinji sun koma gonaki, labarin tsofaffin sojoji kuma yana bakin jikokinsu ne kawai, su ma suna tafiya. Sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, mota ɗaya ce daga Tudun Wada. Ina roƙon malamansa su turo ɗalibai gida gida, a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni, da na'urar ɗaukar magana, su tambayi tsofaffi wa ya je Gwanja, wa ya yi soja, wa aka fansa, tun ana samun mai amsawa. Kai kuma mai niyyar Ghana, in Allah ya kai ka Elmina, ka ce wa mai jagora ya tsaya da kai a filin tsohon gari, ya hau da kai ɗakin Prempeh, ya nuna maka tudun Jawa. In da sauran guzuri, ka dawo ta arewa, ka kwana Tamale, ka wayi gari ka nufi Salaga.